Ko Kun Sani? Igwar Kawusan

A Yaƙin Duniya na Farko, jiragen Jamus masu nutso a teku sun riƙa sauke wa 'yan Sanusiyya makamai a gaɓar Libiya, kuma wutar ta ci har tsakiyar Sahara. Ranar 1 ga Disamba 1916 mahara suka kashe limamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, a ƙofar ganuwarsa da ke Tamanrasset. Watan bai ƙare ba, Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da goyon bayan sarkin garin, Tagama. Har da igwa Kawusan ya zo, wadda aka ƙwace daga sojojin Italiya. Sai 3 ga Maris 1917 dakarun Faransa daga Damagaram suka kore shi.