Matsayin Harshe a Horon Haɗa Kai na Matuƙan Jirgin Sama

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba horon da ake kira CRM, wato koya wa ma'aikatan jirgin sama haɗa kai, da dalilin shigar da shi cikin littattafan ƙa'idojin aiki. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ginshiƙin wannan horo harshe ne.

Asalin Horon

A ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen KLM da Pan Am suka yi karo a filin Tenerife, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar hanya, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi kuwa bai sake magana ba. Hukumar NASA ta Amurka ta kira taro kan irin wannan matsala a 1979, kamfanin United kuma ya fara horon a 1981.

Darasi Daga Gida

A ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Masu bincike sun ambaci tashi cikin mummunan yanayi, da rashin rubutacciyar ƙa'idar kamfani kan irin wannan yanayi, da rashin daidaituwar rabon aiki tsakanin matuƙan biyu.

Kunya da Ƙa'ida

Tarbiyyar Bahaushe ta koya wa ƙarami ya sakaya zance a gaban babba, alhali cikin jirgi daƙiƙa kaɗan ke raba tsira da halaka. Shi ya sa ake rubuta matakan magana: mataimaki ya kira kyaftin, ya bayyana damuwarsa, ya faɗi matsalar ƙarara, ya kawo shawara, sannan ya nemi amsa. Idan littafi ya wajabta haka, ƙarami bai yi rashin kunya ba, umurni ya bi. Dama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kammalawa

Ingilishi ne harshen aikin jirgi, amma matuƙi yana shiga da al'adar maganar gidansu. Ya kamata masana harshe su haɗa hannu da Kwalejin Horar da Matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, domin nazarin yadda ladabin harsunanmu ke tasiri a kan maganar matuƙa.