Karatu ta waya a Zangon Accra: Wayar ta kasuwa ce, ba ta ɗalibi ba

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kayan gyaran mota a Abossey Okai ya san wayar ɗan kasuwa ba ta hutawa. Da ita ake ciniki, da ita ake tura wa abokin hulɗa na Aflao ko Paga hoton kaya, da ita ake karɓar kuɗi. Kuma ita ce dai yara ke jira a gida, a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango, domin su yi aikin makaranta bayan sallar isha'i.

Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2020 gwamnatin Ghana ta rufe makarantu saboda annobar korona, wasu yaran ba su koma aji ba sai Janairun 2021. A lokacin an buɗe tashar Ghana Learning TV, an kuma tura 'yan babbar sakandare zuwa shafin iCampus na hukumar CENDLOS. Tun daga nan karatu ta intanet ya samu gindin zama, har a 2024 aka ƙaddamar da shirin raba wa 'yan babbar sakandare kwamfutar hannu.

To amma yawancin masu tsara irin waɗannan shafuka, yaron da ke zuciyarsu mai wayar kansa ne, da ɗakinsa, da datar da ba ta yankewa. Na ga haka a cikin gidanmu. 'Yar ƙanena tana shirin jarrabawar BECE, aka haɗa ta da wani shafin darasi. Bidiyo ɗaya na lissafi ya lashe datar da uban ya saya don cinikin kwana biyu. Ana tsakiyar darasi wani mai sayen birki ya kira, da aka gama magana sai shafin ya mayar da ita farko, yana neman kalmar sirri da adireshin imel, wanda wani yaron shagon intanet ya buɗe mata, ba ta ma riƙe shi ba. Uban ya karɓe wayarsa, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Abin mamaki, wannan uban bai yi boko mai zurfi ba, amma bai taɓa ɓata a *170# na MoMo ba. Zaɓi kaɗan ne, da lamba ake amsawa, ba ya cin data, ko a ƙaramar waya mai madannai yana aiki. A ganina a nan ya kamata masu tsara darasi su ɗauki karatu. Lambar waya ta isa shiga, a kuma bar yara uku su yi rajista a waya ɗaya, kowa da sunansa. Darasi ya zama gajere, a sauke shi sau ɗaya a kalla ko babu intanet, in kira ya katse shi ya ci gaba daga inda aka tsaya. A rubuta yawan datar da zai ci kafin a taɓa shi, kamar yadda ake faɗin farashi kafin a ɗaure kaya. Ba sabon abu ba ne: na'urar iBox da CENDLOS ta kai wasu makarantu tana ba da darasi ba tare da intanet ba.

Saura bayanin murya da Hausa, domin uwar da ba ta karanta Turanci ta ji ko ɗanta ya yi aikin da aka ba shi. Mu a rediyo kullum da saƙon murya na WhatsApp iyaye mata ke aiko mana da tambayoyinsu.