Yadda Ake Haɗa Mazaunin Akwatin Kifin Ado Na Akirilik Ba Tare Da Asara Ba

Kasuwar Katako da ke birnin Jos, jihar Filato, ta shahara da cinikin katako da hatsi da gwanjo, kuma a nan ne mutane da dama ke zuwa neman kafinta idan suna buƙatar tebur ko kabad. Sai dai teburin da za a ɗora wa akwatin kifin ado, musamman wanda aka yi da akirilik, yana da ƙa'idojin da suka bambanta da na sauran kayan ɗaki.

Akirilik wani nau'in roba ne garai-garai mai kama da gilashi, wanda kamfanin Röhm & Haas na Jamus ya yi wa rajista da sunan Plexiglas a 1933. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, kuma ya fi shi jure bugu. Rauninsa shi ne yana lanƙwashewa idan nauyi ya daɗe a kansa.

A nan ne bambancin yake. Akwatin gilashi mai firam yana zama ne a kan gefunansa huɗu, don haka ana iya barin tsakiyar teburinsa a buɗe. Na akirilik kuwa dole ne ƙasansa gaba ɗaya ya kwanta a kan abu mai ƙwari. Idan aka bar giɓi, ƙasan zai riƙa lotsawa sannu a hankali har mahaɗarsa ta buɗe.

Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗin 45 da tsayin 45 yana ɗaukar lita kusan 243, wato nauyin da ya yi kusa da na buhunan siminti biyar, ban da tsakuwa da duwatsun ado. A ranar 16 ga Disamba, 2022, katafaren tankin akirilik na AquaDom a Balin, babban birnin Jamus, ya fashe, inda ruwa kimanin lita miliyan ɗaya ya malale tare da kifaye kusan 1,500. Na gida bai kai wannan girma ba, amma fashewarsa na iya jiƙa wayoyin lantarki, ta lalata kaya, ta kuma jefa yara cikin haɗari.

Saboda haka, ya kamata saman teburin ya zama falle ɗaya na filawud mai kaurin milimita 18, wanda faɗinsa bai gaza na akwatin ba, a kuma gitta masa katakai ta ƙasa. Nauyin ya sauka a kan ƙafafun teburin kai tsaye, kada ya rataya a kan kusoshi. A guji allon da aka matse da garin katako, domin yana kumbura da zarar ya sha ruwa.

Zaɓen katako ma muhimmi ne. Katako mai ƙwari irin su maɗaci ya dace, muddin ya bushe sarai. Ɗanyen katako da aka saya da damina yana motsewa ya karkace idan hunturun Jos ya kama, sai saman teburin ya daina zama lebur. A shafe shi da fenti mai hana ruwa shiga.

Kafin a ɗora akwatin, a share saman teburin tas, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya na iya tara matsi a wuri guda. A shimfiɗa siririn soso, amma a sani cewa soso ba ya gyara karkataccen tebur. Idan daɓen ɗaki bai daidaita ba, ƙarƙashin ƙafafun teburin ake sa wa tsinken katako, ba ƙarƙashin akwatin ba.

Daga nan sai a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a duba ko ya tsaya daidai a dukkan kusurwoyi, sannan a ƙara. Bayan an cika, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ana lura da ɗiga kafin a saka kifi. Idan kuma buƙatar matsar da teburin ta taso, a fara kwashe ruwan tukuna.