Wa Ya Zaɓa Maka Injin Binciken Da Ke Wayarka?

Duk wanda ya sayi Tecno ko Infinix a Sabon Garin Sakkwato, ya buɗe Chrome ya rubuta tambaya, Google ne zai amsa masa. Da yawa sun ɗauka haka waya take, ba yadda za a yi. Alhali wannan gurbi sayensa ake yi, da tsada kuwa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya, kamfanonin sadarwa da masu manhajar shiga intanet, don a sa shi a gaba. Apple ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba. Ba a banza ake zuba irin wannan kuɗi ba: kamfanin ya san mutum ba kasafai yake sauya abin da ya tarar ba.

Wani zai ce ai Google ya fi sauran, balle wajen zaƙulo rubutun Hausa. Akwai gaskiya a nan. Sai dai abin da mutum ke tambayar injin bincike, ciwon da ke damunsa ne, bashin da ke wuyansa, fatawar da yake jin nauyin kai wa malami, kuma da irin waɗannan ake auna tallan da za a nuna masa. Wanda za a ba wannan sirri, ya kamata mai shi ya zaɓe shi da kansa. DuckDuckGo, alal misali, ya gina sunansa kan alkawarin rashin bibiyar masu bincike, ko da yake sauya injin ba ya ɓoye mutum daga sauran manhajojin wayarsa.

Sauyin bai kai minti guda ba, kuma kyauta ne. A Chrome, a taɓa ɗigo ukun nan na sama, a shiga Settings, sannan Search engine, a zaɓa. In bai yi ba, a koma.

A Turai, bayan tarar yuro biliyan 4.34 da aka ci Google a 2018, sabuwar wayar Android kan tambayi mai ita injin da yake so tun 2020. Mu ba a tambayarmu. Don haka masu saita wa jama'a waya a Sabon Gari, ku riƙa nuna wa mai saye wannan wuri kafin ya bar shago.