Nanoselulos: zaren tsiro mai ƙarfi da ruwa ke karya lagonsa

Jama'a, duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama ya san daga siraran zaruruwa ƙarfinta yake fitowa. To, cikin kowane tsiro, karan hatsi ne ko itace ko auduga, akwai zaren da ya fi waɗannan siranta nesa ba kusa ba. Sunansa selulos, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na auduga shi ne. In aka tsefe shi har kaurinsa ya koma ƴan nanomita kaɗan, sai a ce masa nanoselulos. Nanomita ɗaya kuwa, a raba milimita gida miliyan, a ɗauki ɗaya.

Ƙarfinsa a ciki yake, inda ƙwayoyinsa suka jeru suka matse kamar damin da aka ɗaure tamau. Matsalar a bayansa take, domin fatarsa mayyar ruwa ce. Ku duba takarda: a bushe tana da ƙwari, ta jiƙe kuwa sai ta ruɓuɓɓuke. Ga shi kuma zaruruwan suna manne wa juna, raba su da inji na cin lantarki mai yawa.

A shekarar 2006, Farfesa Akira Isogai na Jami'ar Tokyo a Japan, shi da abokan aikinsa, suka fito da dabara. Da taimakon wani sinadari mai suna TEMPO, suka ɗora wa bayan kowane zare cajin lantarki iri ɗaya. Sai zaruruwan suka riƙa ture juna, ɗan kaɗawa cikin ruwa ya isa ya warware su, cikinsu kuma bai taɓu ba. Aikin ya jawo musu kyautar Marcus Wallenberg a ƙasar Suwidin a 2015.

Wata hanyar ita ce a lulluɓe zaren da sinadarin da ba ya shiri da ruwa, don ya iya gauraya da roba. Amma abin kamar gishiri ne a miya: in ya yi yawa, sinadarin ya kan ci har ciki, ƙarfin ya tafi.

A Japan har an sa shi cikin tawadar biro, kuma a 2019 an baje kolin wata mota da aka ƙera wasu sassanta da shi.

Mu ina ruwanmu? Leda. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana ta, amma har gobe tana toshe magudanan ruwa, tana kashe awaki da tumaki. Abin ƙunshe kaya na nanoselulos ya kan ruɓe a ƙasa, yana kuma tare iska daga abinci muddin a bushe yake. Sai dai laima na rage masa wannan ƙarfi, ga kuma tsada. Waɗannan biyun ne masana ke fama da su kafin ya iso kasuwanninmu.