Ƙarafunan Jebba Ba Na Mungo Park Ba Ne

Direbobin da ke lodin shanu a kasuwar Sheme, da masu kai hatsi kudu daga Ƙanƙara da Sabuwa, duk sun san Jebba, inda ake tsallaka kogin Kwara. A garin akwai ragowar injin wani tsohon jirgin ruwa mai aiki da tururi, an ajiye don tarihi. Na gaji da jin ana cewa wai na Mungo Park ne. Har wasu malaman makaranta na faɗa wa yara haka.

Ina Mungo Park ya ga inji? Kwalekwale ya sa aka gyara masa a Sansanding ta ƙasar Mali a 1805, ya gangaro da shi ya wuce Yawuri, ya halaka a Busa a 1806. Busa kuwa tana arewa da Jebba, ke nan bai ma iso wurin ba. Jirage masu tururi ba su shigo Kwara ba sai 1832, lokacin da Laird da Lander suka zo da biyu masu ƙafafun tuƙi a gefe. Shekara 26 ke tsakani. Hasumiyar tunawa da Park da ke Jebba ce ta rikita mutane, sai kowane tsohon ƙarfe ya zama nasa.

Injin na Dayspring ne, jirgin Dokta Baikie, wanda ya daki dutse kusa da Jebba a 1857. Bishop Ajayi Crowther na ciki, tun bai zama bishop ba, da Glover wanda daga baya ya kafa rundunar Hausawa a Legas. Sun yi kusan shekara a bakin kogin kafin wani jirgin ya zo. Baikie ne ya zauna a Lokoja, ya koyi Hausa, ya je Kano a 1862.

Tsatsa na cin irin waɗannan kaya, amma 'yan gwangwan sun fi ta sauri. Yaronka ya shigo da ƙarfe mai lamba ko rubutu, tambaye shi inda ya samo, kada ka ce Allah ne ya ciyar da ku. Dillali, kafin ka ɗora a sikeli, duba. Tsohuwar bindiga, ƙyauren ƙofar gari, ƙarfen layin dogo, duk ba kayan kilo ba ne, kuma sayensu na iya kai ka hannun hukuma. Wanda ya tsinci irinsu a gona ko kufai ya kai wa mai unguwa, shi kuma ya sanar da hakimi, a kira ma'aikatan gidan tarihi na Katsina su zo su gani kafin a taɓa.