Kufai Ba Rumbun Zinariya Ba Ne

Har yau ana yawo da jita-jitar cewa ƙarƙashin tsohuwar ganuwar Bin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, akwai tukwanen zinariya da sarakunan dā suka binne, aljanu na gadinsu. Sai ka ji matashi yana neman boka ya ɗaure masa aljanun don ya yi haƙa cikin dare.

Haba jama'a! Wane sarki ne zai tashi daga gari ya bar dukiyarsa a rami? Sarautar Yawuri ta bar Bin Yauri a ƙarni na 19, ta zauna a Yelwa a 1888, kuma mai ƙaura da kayansa yake tafiya. Abin da ke cikin kufai shi ne fasassun tukwane, da dutsen niƙa, da kashin maƙera, wani lokaci ƙasusuwan kakannin mai haƙar. A kasuwa ba su da kuɗi. A wurin masani kuwa, zurfin da aka tsinci kasko shi ke faɗin shekarunsa, don haka diga ɗaya ta ɓata labarin ƙarni guda. Bokan nan kuma, da ya san ramin, zai tsaya karɓar kuɗin kaza?

Dubi ƙasar Kambodiya, ka ga inda arzikin kufai yake. Sarki Suryavarman na Biyu ya gina haikalin Angkor Wat a ƙarni na 12. Zamanin yaƙi ɓarayi suka yi ta sare tsofaffin sassaƙe-sassaƙen ƙasar suna sayar wa Turawa, gwamnati na ta faman karɓo su har yanzu. UNESCO ta sa Angkor cikin kayan tarihin duniya a 1992, baƙi sama da miliyan 2 suka sayi tikitin shiga a 2019. Arzikin wurin yana tsaye a sarari.

Mu kuwa madatsar Kainji ta 1968 ta riga ta nutsar da tsohuwar Busa da gungunan Gungawa. Zaizayar damina ma na cin rabonta.

Idan za ka ziyarci kufai, fara gaida hakimi ko mai unguwa, ka nemi dattijon da zai raka ka. Kada ka hau ganuwa, kada ka ɗebi ƙasarta don yin bulo. Ɗauki hoto, bar kasko inda ka gan shi. In garma ta tono wani abu, sanar da masarauta ta kira Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Malaman makarantun Yawuri, Ngaski da Shanga, ku kai ɗalibanku su ga ganuwar nan tun da sauranta.